Batirina na 5200mAh ne amma caja 3000 kawai take zuba masa, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da motar wasa mai rimot, girman 1/10 na motar gaske, injin nan marar burushi. Batirin da ta zo da shi LiPo ne 2S 3000mAh, yana bani kamar minti 15 na wasa. Sai na sayo babba, 5200mAh 80C, ina zaton zan ninka lokacin, amma da ƙyar yake kaiwa minti 18. In na sa a caja yana ɗaukar wajen awa biyu, kuma abin da take nunawa ta zuba bai wuce 2900 zuwa 3100 ba. Yanzu wata uku kenan, na ga ma kamar ya fara kumbura. Kullum a cike nake ajiye shi saboda in na tashi wasa kawai in ɗauka. Cuta ta akayi ne ko ni ne ban iya ba? Kuma wani abokina yace in koma 3S kawai in huta, ya ka gani?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka in aka warware ta guda huɗu ce a dunƙule: me yasa lokacin wasa bai ƙaru yadda ka zata ba, me yasa caja take tsayawa a 3000 alhali an rubuta 5200, me ya kawo kumburin, sannan maganar 3S. Kuma ka kyauta da ka kawo lambobi, domin yawancin masu tambaya "batirina baya daɗewa" kawai suke cewa, toh da wannan ba abin da mutum zai iya kamawa. Lambar da caja ta nuna maka ita ce mafi daraja a duk abin da ka faɗa, ta fi rubutun jikin batirin gaskiya nesa ba kusa ba, kuma da ita zamu bi sawun matsalar.

Abin da lambobin jikin batirin suke nufi

Bari mu fara da 2S. Batirin LiPo, wato wani nau'in batirin lithiyam, ba dunƙule ɗaya bane, sel-sel ne aka jera, kowane sel ana kiransa mai bolt 3.7 amma in ya cika yana kaiwa 4.2. S ɗin nan yana nufin adadin sel da aka haɗa a jere, wato 2S sel biyu ne, 7.4 a rubuce, 8.4 in ya cika. 3S kuma 11.1 a rubuce, 12.6 a cike. 4S 14.8 da 16.8. Akwai wani nau'in da ake rubuta masa LiHV, shi yana cika ne a 4.35 kowane sel, amma kada ka kuskura ka caja LiPo na gama gari da wannan saitin. Duk wanda zai daɗe a harkar nan dole ya koyi tunani da lissafin sel ɗaya ɗaya, ba jimillar batirin ba, saboda jimilla tana ɓoye cuta. Batir zai iya nuna maka 7.4 kaga kamar lafiya lau, alhali sel ɗaya yana 4.0 ɗayan yana 3.4.

Sai mAh. Ka ɗauka tankin ruwa ne a saman gini: mAh shine girman tankin, bolt shine tsayin inda aka ɗora shi wato ƙarfin da ruwan zai sauko da shi, C kuma faɗin bututun da ruwan ke bi ya fita. 5200mAh daidai yake da amfiya 5.2 na tsawon awa ɗaya, ko amfiya 10.4 na rabin awa, ko kusan amfiya 21 na minti 15. Dan haka ƙarin mAh ba ya ƙara wa mota gudu a karan kansa, lokaci yake ƙarawa, da nauyi. In kana son kwatanta batir biyu masu bambancin sel sai ka ninka bolt da amfiya-awa, 7.4 sau 5.2 ya baka wajen 38Wh, wato wat-awa, ma'aunin kuzarin da ke ciki, shi kuwa 3S mai mAh iri ɗaya wajen 58Wh. Wannan lambar ce ma kamfanonin jiragen sama suke dubawa, galibi iyakarsu 100Wh ce ba tare da neman izini ba, kuma a jakar hannu ake shiga da shi ba a kayan da ake aunawa ba.

80C ɗin kuwa, a ƙa'ida ana ninka shi da girman batirin ne a samu amfiyar da zai iya fitarwa, 80 sau 5.2 ya zama amfiya 416. Ka kalli wayoyin da suka fito daga batirin da filoginsa ka tambayi kanka ko zasu iya ɗaukar wannan. Filogin XT60 da ake yawan gani, wajen amfiya 60 aka ƙera shi ya ɗauka. Babu wata hukuma ɗaya da take tilasta wa masu ƙera batir ma'auni guda a kan C, kowa abin da ya ga zai sayar masa da kaya yake bugawa, shi yasa ni ba na ɗaukar wannan lambar da muhimmanci sai dai in zan kwatanta batir biyu na kamfani ɗaya. Na sha ganin mai 50C na kirki ya fi mai 100C na banza ƙarfi a ƙasa.

Mu yi lissafi da naka lambobin

Tsohon batirinka 3000mAh. Ba a shanye LiPo duka, abin da ake amfani da shi cikin aminci kamar kashi 80 cikin 100 ne, wato wajen 2400. In motar ta cinye 2400 a minti 15, kenan a matsakaici tana jan kusan amfiya 10 (in ka taka wuta daga tsaye tana iya jan ninkin haka sau da yawa na ɗan lokaci, in kana tafiya a hankali kuma ƙasa da haka sosai). Sabon batir in da gaske 5200 ne, kashi 80 ɗinsa wajen 4100 kenan, ya kamata ya baka minti 25 ko 26. Kai kuma 18 kake samu. Ninka minti 18 da amfiya 9.6, zaka samu kusan 2900mAh. Ka gani? Ya yi daidai da abin da cajarka take faɗa. Wannan ya nuna caja bata yi maka ƙarya a lissafi ba, motar ma bata ƙara ci ba, abin da ake fitarwa daga batirin a kowane zagaye 3000 ne kacal. Saura mu gano ina ragowar ta maƙale.

Wani abu da mutane ke rikitawa anan: yanayin tuƙi, ciyawa mai tsawo, yashi, manyan tayoyi, giya mai nauyi, duk suna rage mintocin wasa, amma basa rage abin da caja zata mayar sosai. In ciyawa ce matsalar zaka ga minti 18 amma caja ta mayar da 4000 da wani abu. Tunda naka bai kai ba, toh ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abu na farko da zan sa ka duba, domin kyauta ne, ita ce cajar kanta. Kace awa biyu take ɗauka kuma tana tsayawa wajen 3000, wannan haɗin ya ɗaga min hankali, saboda cajoji irin su iMAX B6 da ire-irenta da suka cika kasuwa suna da agogon tsaro a ciki, wanda da yawa yake zuwa a saite kan minti 120, lokaci na cika sai ta yanke caji ko batir ya cika ko bai cika ba. In kana caji a amfiya 1.5, awa biyu zata baka 3000mAh cif. Zai iya yiwuwa batirinka bai taɓa cika ba tunda ka saye shi. Ka tsaya a gabanta lokacin da zata gama, ka ga shin FULL ta rubuta ko lokaci ne ya yanke, sannan ka danna ka ga bolt ɗin kowane sel. In kaga 4.20 da 4.20, ko 4.19, ya cika. In kaga 3.95 ko 4.0, caja ce ta tsaya a hanya. A cikin saitinta akwai kuma iyakar mAh da zata zuba, ita ma ka duba kada a ce an barta ƙasa da girman batirinka, haka nan ka tabbata nau'in batir a kan LiPo yake, domin akwai saitin wasu nau'o'in lithiyam, LiIo na irin waɗannan cajoji a 4.1 yake tsayawa, LiFe kuma a 3.6.

In caja ta wanke kanta, sai mu koma ɗaya ƙarshen, wato lokacin da mota ke yanke wuta. A cikin motar akwai na'urar sarrafa gudu, ESC, tana da saitin da take kashe inji in bolt ya sauka, galibi tsakanin 3.2 zuwa 3.4 kowane sel. Matsalar ita ce tana auna bolt ne a lokacin da ake jan wuta, kuma kowane batir in aka ja shi da ƙarfi bolt ɗinsa yana dusashewa na ɗan lokaci sannan ya dawo. Batir mai lafiya kaɗan yake dusashewa. Wanda ya gaji, ko wanda dama can sel ɗinsa ba na kirki bane, kana taka wuta sai ya faɗi ƙasa warwas, ESC ta zaci ya ƙare ta yanke, alhali akwai sauran caji a ciki. Yadda zaka gane: in mota ta yanke, cire batirin, ka barshi ya huta minti 10 zuwa 15, ka auna kowane sel da ƙaramin abin gwajin nan da ake soka wa farin filogin batirin mai siraran wayoyi, ko da cajar. In kaga ya farfaɗo ya koma 3.8 ko sama, toh kusan rabin cajin yana nan, batirin ne ya kasa bada shi da ƙarfi, ko kuma an saita yankewar sama da yawa. In kaga 3.5 zuwa 3.6 duka biyun, ya ƙare da gaske, kuma in daga nan caja ta cika shi har 4.2 da 3000 kawai, gaskiyar girmansa bai wuce 3300 zuwa 3600 ba, ko dai haka aka ƙera shi aka buga masa 5200, ko kuma ya zube a wata ukun nan. In kuma kaga ɗaya yana 3.75 ɗayan yana 3.3, sel ɗaya ne ya mutu yake jan ɗan'uwansa.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi wa duk sabon batir kafin ma in sa shi a mota: sikeli. Caji nauyi ne, ba yadda za ayi a cusa 5200mAh na gaske mai ƙarfin fitarwa a cikin abu marar nauyi. 2S mai kwanson roba mai tauri na wajen 5000mAh yawanci yana tsakanin giram 250 zuwa 300. In naka ka ɗora kaga 180, ba sai an kira kowa ba. Irin wannan ƙaryar ta fi muni a ƙananan motoci masu amfani da sel ɗin nan mai siffar batirin tocila da ake kira 18650, zakaga an buga 9900mAh a jikin sel ɗaya, alhali manyan masu ƙera shi irin su Panasonic da Samsung da LG nasu na gaske wajen 3500 yake tsayawa.

In cajarka tana auna abin da ake kira IR, wato turjiyar cikin sel, a miliyom (mΩ), ma'aunin turjiya, take nunawa, ka duba shi batir na cike kuma ba da sanyi ba. Sabon 5000mAh mai kyau lamba ɗaya zaka gani a kowane sel, ƙasa da 10. Amma kada ka riƙe lambar kanta da ƙarfi tunda kowace caja da nata awon, abin lura shine yadda take hawa da tsufa, da kuma bambanci tsakanin sel biyun. Ni sabon batir ina rubuta IR ɗinsa da alƙalamin maka a jikinsa ranar da na buɗe shi, duk ranar da naga ta ninka nasan ya kama hanyar ritaya.

Yadda caji yake tafiya

Ƙa'idar da ba ta cutar da kowa ita ce 1C, wato amfiya daidai da girman batirin: 5200mAh a amfiya 5.2, 3000mAh a amfiya 3. A haka wajen awa ɗaya ko da ɗan ɗori zai cika. Cajar lithiyam mataki biyu take bi, da farko tana tura amfiyar da ka saita ba canji, bolt yana ta hawa har sel ya taɓa 4.2, daga nan sai ta riƙe 4.2 ɗin ta dinga rage amfiya a hankali har ta kusa ƙarewa. Shi yasa zakaga farkon caji yana gudu, ƙarshen kuma kamar ya tsaya, ba lalacewa bane, kuma in ka cire shi da zarar kaga 8.4 a allo baka barshi ya cika ba. Wasu batiran an rubuta suna ɗaukar 2C ko ma fiye, masu tsere suna yi saboda lokaci, amma ga mai wasan nishaɗi banga ribar ba, gara ka mallaki batir biyu kana caja ɗaya kana wasa da ɗaya.

Wat ɗin caja ma iyaka ne da mutane basa lissafawa. 2S a amfiya 5.2 yana buƙatar wajen wat 44, caja mai wat 50 zata iya. Amma 3S a wannan amfiyar yana neman wajen wat 66, mai wat 50 ba zata wuce amfiya 4 ba ko ka saita 6. Sannan in cajar irin wadda ake haɗa wa adafta ce daga waje, ƙarfin adaftar ne zai yi hukunci. Waɗancan ƙananan na USB da ake sakowa a kwalin mota kuwa, don ƙananan batira aka yi su, basa nuna maka komai sai ja da kore, kuma duk abin da muke ta magana a kai na auna sel ba zaka iya yinsa da su ba.

Sannan farin filogin nan mai siraran wayoyi, uku a 2S, huɗu a 3S, shine na balans. Ta nan caja take ganin kowane sel daban, in ɗaya ya riga ɗaya cika sai ta dinga rage masa kaɗan kaɗan har na bayan ya iso. Kullum ka soka shi, kullum ka zaɓi BALANCE. In ba haka ba caja jimilla kawai take gani, 8.4, kuma 4.3 da 4.1 ma 8.4 ne, wannan mai 4.3 ɗin shine zai fara kumbura. In sel sun yi nisa da juna ƙarshen caji yana jan lokaci sosai tunda wutar da ake balans da ita 'yar kaɗan ce, wannan ma yana iya zama dalilin awa biyunka.

Kumburin, da ajiye shi a cike

Anan zan gaya maka gaskiya ba kwana kwana, ajiye LiPo a cike kullum yana cikin manyan abubuwan da ke kashe shi. A 4.2 sinadaran da ke ciki a takure suke, ruwan da ke tsakanin faranti yana ruɓewa a hankali yana fitar da iska, ita kuwa jakar sel a liƙe take ba inda iskar zata bi, shine kumburin da kake gani. Zafi yana hanzarta wannan sosai, batir a cike a cikin mota da aka rufe a rana ko kusa da taga, wannan 'yan makonni sun isa su canza shi. Kwana ɗaya ko biyu a cike ba wani abu bane, amma in zai wuce haka ka sa shi a STORAGE, caja zata kai kowane sel wajen 3.8 zuwa 3.85, ko ta ƙara ko ta rage. Rage caji da ƙaramar caja yana da jinkiri, dan haka ni in na caja batir wasa bai yiwu ba, gara in sa shi a mota in ɗan zagaya na wasu mintoci ya sauko sannan caja ta ƙarasa. Daga 3.8 zuwa cika kuma wajen rabin awa ne a 1C, kaga ba wani jira bane, kafin ka duba tayoyi ka share ƙura ya gama.

Ɗaya hanyar kumburi ita ce shanye shi da yawa. Ƙasa da 3.0 sel yana lalacewa ta yadda baya dawowa daidai. Wasu motocin ESC ɗinsu yana da saitin NiMH, wato wani nau'in batir da ba lithiyam ba, da na LiPo, kuma a saitin NiMH babu yankewar da zata kare LiPo, misali na kamfanin Traxxas da yawa fitilar kore ce ke nuna kariyar tana kunne, ja kuma a kashe take. Ka duba littafin taka. Kuma kada ka bar batir a soke a mota bayan wasa ko ka kashe makunni, wasu ESC ɗin suna ci gaba da tsotsa kaɗan kaɗan, bayan sati ka tarar da shi a ƙasa. Ni ba na jiran mota ta yanke ma, da naji ƙarfinta ya fara laushi nake tsayawa, burina in ya huta in ganshi wajen 3.7. Sai zafin aiki: in ka cire shi daga mota yana da ɗumi ba laifi, in kuwa baka iya riƙe shi a hannu, ya doshi digiri 60, ana wahalar da shi. Ka barshi ya huce kafin caji. Haka nan ba a caja lithiyam a sanyin da ya kai na ƙanƙara, yana lalata shi daga ciki.

Toh naka da ya fara kumbura fa? Ban riƙe shi a hannuna ba, kuma "kamar ya fara" magana ce mai faɗi, dan haka hukuncin ƙarshe idonka ne zai yanke. Amma ka sani kumburi baya komawa, duk wanda yace ka huda shi da allura iskar ta fita ko ka danne shi da wani abu mai nauyi yana neman jawo maka gobara ne. In mai taurin kwanso ne har kaga kwanson ya bankare ko ɗinkinsa ya fara buɗewa, na ciki ya kumbura fiye da yadda kake gani, ka daina amfani da shi. In mai laushin jaka ne kuma ɗan tashi ne kaɗan, sel biyun suna tafiya tare, baya zafi, wasu suna ci gaba da lallaɓawa, ni dai in kumburi ya haɗu da raguwar ƙarfi irin naka ajiye shi nake. Yadda ake sallamarsa: a waje, a kan siminti, a haɗa masa kwan fitilar mota ya shanye shi a hankali har ya mutu gaba ɗaya, a naɗe bakin wayoyin da tef, a kai inda ake karɓar tsofaffin batira. Tsoma shi a ruwan gishiri da ake yawan faɗa ban yarda da shi ba, gishirin yana iya cinye bakin ƙarfen kafin cajin ya ƙare, sai ka zaci ya mutu alhali da sauransa.

Wutar lithiyam in ta tashi da kanta take ciyar da kanta, sel ɗaya ya kama sai ya kunna na kusa da shi, ga hayaƙi mai guba. Saboda haka caji a kan tayil ko siminti, nesa da labule da katifa, cikin jakar cajin LiPo mai jure wuta ko akwatin ƙarfe wanda ba a toshe shi ruf ba, bokitin yashi a kusa, kuma kana wajen. Kada ka sa caji ka kwanta barci ko ka fita, wannan ba na sassauta wa kowa a kai. Batirin da ya sha karo mai ƙarfi ma ka ajiye shi a waje ka sa masa ido na ɗan lokaci kafin ka shigo da shi ɗaki.

Maganar 3S

Abokinka gudu yake so maka, amma abin da ka kawo kuka a kai lokaci ne, kuma 3S ba maganin wannan bane kai tsaye. Injin marar burushi yana da lambar KV, wato juyi nawa yake a minti kan kowane bolt in ba kaya a kansa. Mai 3500KV a 8.4 wajen juyi 29,000 ne, a 12.6 kuma ya haura 44,000, ƙarin rabi kenan. Daɗi kam akwai, motar har ɗaga gaba take, amma wutar da take ja tana ƙaruwa, zafi yana ƙaruwa, kuma ƙarin kuzarin da ke cikin batirin yawanci a gudun yake tafiya, mintocin basa ƙaruwa yadda ake zato. Kafin komai ka duba ko ESC da injin an rubuta suna ɗaukar 3S, in 2S kawai aka rubuta hayaƙi zaka gani, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In suna ɗauka, ka rage haƙoran ƙaramar giyar da ke kan inji da biyu ko uku, ka yi wasan minti biyar ka auna zafin injin, kada ya wuce wajen digiri 70 zuwa 75. Ka kuma auna ramin batirin motar domin 3S ya fi kauri, sannan ka shirya wa canjin giyoyi da sandunan tayoyi, su ne suke fara biyan kuɗin gudun. Ga kuma cajar mai wat 50 da muka ce zata ƙara jinkiri.

Ni a matsayinka 2S zan tsaya a kai yanzu, in nemi 5000mAh na kamfanin da masu tsere suka sani, irin su Gens Ace, ko da C ɗin da aka rubuta bai kai na wancan ba, in tabbatar filoginsa ya dace da na motar ba sai da adafta ba, tunda kowane ƙarin haɗi yana cin wuta yana kawo zafi, musamman tsohon farin filogin Tamiya wanda bai dace da injin marar burushi ba sam. Amma kafin ka kashe ko sisi, in kumburin bai kai wanda na siffanta ba, yi zagaye ɗaya na gwaji a waje kana tsaye a kai: caji a BALANCE a amfiya 5, agogon tsaro ka tabbatar ba shi ya yanke ba, rubuta bolt ɗin kowane sel da ya gama, yi wasa har ƙarfi ya fara sauka, barshi ya huta minti 15 ka sake rubutawa, sannan ka mayar da shi caja ka ga nawa ta zuba. Ka turo min waɗannan lambobin tare da nauyin batirin da sunan ESC ɗin, daga nan zan iya gaya maka ko caja ce, ko saitin yankewa, ko batirin ne za a sallama.